Idan ciki ya ƙi girma: abin da jinin uwa ke nunawa game da ɗan da take ɗauke da shi

A unguwar Abdulkafi da ke birnin Sabha, cibiyar yankin Fezzan a kudancin Libiya, ba abin mamaki ba ne a ji Hausa a bakin shago ko a ƙofar gida. Sabha ce babban zango ga wanda ya taso daga Agadas ya bi ta Dirku, Madama da Gatrun, kuma tun zamanin fatake akwai Hausawa a garuruwan Fezzan irin su Murzuk da Gat. Ƙididdigar Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta nuna cewa a ƙarshen 2023 baƙin da ke zaune a Libiya sun haura dubu 700, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ƴan Nijar ne. Maza sun fi yawa, amma akwai mata, kuma suna ɗaukar ciki su haihu a can.

Sau da yawa mace takan fara awo a Damagaram ko Tawa, ta ƙarasa a Sabha da katin Faransanci a hannun ma'aikatan da ke aiki da Larabci da Ingilishi, ko ma babu katin gaba ɗaya. Idan ciki ya shiga wata na bakwai bai fito yadda aka saba gani ba, sai a ce ciki ya kwanta. Larabawan Arewacin Afirka ma suna da irin wannan magana, suna kiran ɗan "raƙid", wato mai barci. A wurin likitoci kuwa, cikin da ya daina girma galibi ɗayan uku yake nufi: ko an yi kuskuren lissafin watanni, ko ɗan ba ya samun isasshen abinci da iska, ko ya riga ya mutu. Na biyun ne ake iya cetowa idan an gane da wuri, kuma binciken shekaru 20 da suka wuce ya nuna cewa jinin uwa na ɗauke da alamunsa.

Ƙaramin jariri daban, wanda ya kasa girma daban

Likitoci na cewa ɗa ya yi ƙanƙanta idan nauyinsa ya faɗa cikin kashi 10 cikin 100 na ƙasa idan aka gwada shi da ƴaƴan da ke daidai makonninsa. Da yawa daga cikin waɗannan lafiyarsu lau, ƙanƙanta ce ta gado, uwa ƙarama ta haifi ɗa ƙarami. Sauran kuwa an halicce su da ikon girma fiye da haka, amma wani abu ya tauye su. A takardun asibitocin Nijar da Kamaru da Chadi ana rubuta wannan da haruffa huɗu, RCIU, wato tauyewar girma a cikin mahaifa. Aikin likita shi ne ya bambanta su, domin na farko haƙuri kawai yake buƙata, na biyu kuwa kowane mako na iya ƙara masa haɗari.

Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce kusan jarirai miliyan 2 ake haifa babu rai kowace shekara, wato ɗaya a kowace daƙiƙa 16, kuma uku cikin huɗu a Afirka kudu da Sahara da Kudancin Asiya ne. Tauyewar girma da ba a gano ba na cikin manyan dalilai. Waɗanda suka zo da rai ƙasa da kilo 2.5 kuma sun fi saurin yin sanyin jiki, faɗuwar sukarin jini da kamuwa da cuta a kwanakin farko. A ƙarshen shekarun 1980, wani likitan Ingila, David Barker, ya bi tsofaffin takardun haihuwa na yankin Hertfordshire ya nuna cewa waɗanda aka haifa da ƙaramin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya bayan sun manyanta.

Daga mabiyiya matsalar ke tasowa

Mabiyiya, wadda Faransawa ke kira placenta, Larabawa kuma mashima, ita ce huhun ɗa da cikinsa da ƙodarsa har ranar haihuwa. A rabin farko na ciki takan kafa saiwa a jikin mahaifa, ta buɗe ƙananan jijiyoyin jinin uwa su zama masu faɗi. Idan komai ya tafi daidai, kusa da haihuwa jinin da ke shiga mahaifa a minti ɗaya yakan kai rabin lita ko fiye. Idan jijiyoyin ba su buɗe sosai ba, abin yakan zama kamar lambun da aka toshe wa rabin magudanar ruwa. Shuka ba ta mutuwa nan take, sai dai ta tsumbure.

Ɗan da ya shiga wannan hali yakan karkatar da ɗan jinin da yake samu zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, ya rage wa ƙoda da hanji da gaɓoɓi. Shi ya sa kansa ke ci gaba da girma alhali cikinsa ya tsaya, ruwan da yake ciki kuma ya ragu saboda ya rage fitsari. Ita ma mabiyiyar da ke cikin wahala ba ta yin shiru. Takan zubo wasu sinadarai cikin jinin uwa, ta rage wasu. Su ne ake aunawa a ɗakin gwaji.

Sinadarai uku da aka fi aunawa

Na farko shi ne PAPP-A, wani furotin da mabiyiya ke yi. Ana auna shi tsakanin mako na 11 da na 14. An fara amfani da shi ne wajen neman wasu nakasassun halitta, daga baya aka lura cewa matan da nasu ya yi ƙasa sosai, wajen kashi 40 cikin 100 na matsakaicin da ake tsammani ko ƙasa da haka, sun fi haifar ƙananan jarirai. A Birtaniya irin wannan sakamako na sa a riƙa yi wa mace hoton ciki akai-akai a watannin ƙarshe. Gargaɗi ne kawai, domin mafi yawan matan da PAPP-A ɗinsu ya yi ƙasa lafiyayyun ƴaƴa suke haifa.

Na biyu shi ne PlGF, sinadarin da ke taimaka wa jijiyoyin jini su tsiro su kuma zauna lafiya. Masu bincike a birnin Napoli na Italiya, ƙarƙashin Maria Graziella Persico, suka gano shi a 1991. A lafiyayyen ciki yakan yi ta hawa har wajen mako na 30, sannan ya fara sauka. Idan mabiyiya na da matsala, yakan yi ƙasa tun da wuri. A gwajin da aka fi sani, ƙasa da 100 alama ce ta a sa ido, ƙasa da 12 kuma alama ce ta matsala mai tsanani da ka iya kai wa ga haihuwa cikin ɗan lokaci.

Na uku shi ne sFlt-1, abokin gabar PlGF, wanda ke kama shi ya hana shi aiki. A 2003 wata tawaga a birnin Boston na Amurka, ƙarƙashin Ananth Karumanchi, ta nuna cewa yawan wannan sinadari ne ke lalata jijiyoyin jinin uwa, jini ya hau, furotin ya riƙa zuba cikin fitsari. Wannan ita ce cutar hawan jinin masu juna biyu, prééclampsie a Faransanci, "tasammumul haml" a Larabci, wadda idan ta yi tsanani take kai wa ga jijjiga, ko taune-taune kamar yadda ake cewa a Kano. Tunda tushensu ɗaya, ita da tauyewar girma sukan zo tare. Saboda haka ake raba adadin sFlt-1 da na PlGF a sami lamba ɗaya. Idan lambar ta yi sama, mabiyiya na cikin wahala.

Abin da bincike ya tabbatar

A 2016 aka wallafa sakamakon wani babban bincike mai suna PROGNOSIS, wanda aka yi a ƙasashe da dama kan mata sama da 1,000 da ake zargin suna da hawan jinin ciki tsakanin mako na 24 da na 37. Ya nuna cewa idan lambar ba ta wuce 38 ba, kashi 99.3 cikin 100 na matan ba su kamu da cutar ba cikin mako guda da ya biyo baya. Idan ta wuce 38 kuwa, kusan kashi 37 ne kawai suka kamu cikin mako huɗu. Ma'ana gwajin ya fi ƙarfi wajen kwantar da hankali fiye da tabbatar da cuta.

A 2019 wani bincike mai suna PARROT a asibitocin haihuwa 11 na Birtaniya ya gwada nuna wa likitoci sakamakon PlGF. Inda suka ga sakamakon, lokacin gano cutar ya sauko daga kwana 4.1 zuwa kwana 1.9, kuma munanan matsaloli ga iyaye mata sun ragu. Hukumar NICE ta Ingila ta amince da irin waɗannan gwaje-gwaje tun 2016, hukumar FDA ta Amurka kuma ta ba da izinin na farko a 2023. A Afirka, wani bincike a Maputo na Mozambik da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa matan da PlGF ɗinsu ya yi ƙasa sun fi haihuwa da wuri da samun matsala. An kuma gwada ƙananan na'urorin da ke ba da sakamako a gefen gado a birnin Fritawun na Saliyo.

Inda gwajin ke tsayawa

Jini ba ya faɗin nauyin ɗa. Halin da mabiyiya ke ciki yake nunawa. Tun shekarun 1960 da 1970 likitoci suka yi ta auna wasu sinadarai biyu, estriol da hPL, don sanin lafiyar ɗan tayi, daga baya aka ajiye su da hoton ciki ya bayyana. Wani nazarin ƙungiyar Cochrane na 2019 ya tattara binciken da aka yi ya ga cewa wajen gano ƙaramin jariri, hoton ciki ya fi gwajin jini shi kaɗai. Amfanin jinin na fitowa ne idan aka haɗa su. Masu bincike a Jami'ar Cambridge sun nuna cewa idan hoto ya nuna ɗa ƙarami, lambar sFlt-1 da PlGF ita ma ta hau, to wannan ɗan ya fi wanda hoto kaɗai ya nuna haɗari nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abubuwan da ke rikita lissafi. Cikin tagwaye na da nasa ma'auni. Kamfanoni daban-daban na da lambobi daban-daban, don haka ba a ɗaukar sakamakon wani ɗakin gwaji a auna shi da ma'aunin wani. Zazzabin cizon sauro ma na taɓa shi. Wani bincike a Muheza ta Tanzaniya, a 2006, ya ga sFlt-1 na hawa a jikin masu cikin fari da ƙwayar cutar ta maƙale a mabiyiyarsu. Sama da duka, kowane sakamako da makon ciki ake fassara shi. Matar da ba ta san ranar jininta na ƙarshe ba, ba ta kuma yi hoto da wuri ba, ta rage wa gwajin amfani tun kafin a ɗebi jinin. A nan ne al'adar ɓoye ciki har sai ya fito, musamman ga mai cikin fari, ke jawo asara, domin makonni 11 zuwa 14 sukan wuce kafin a je awo.

Gwajin jini masu araha da bai kamata a raina ba

Gwajin PlGF da sFlt-1 na buƙatar na'ura ta musamman da sinadarai masu tsada, shi ya sa har yanzu ya fi yawa a manyan asibitoci. Amma akwai gwajin jini na yau da kullum da ke da alaƙa kai tsaye da girman ɗa.

Na farko awon yawan jini. Mai ciki da nata ya gaza 11 tana da ƙarancin jini, ƙasa da 7 kuma ya yi tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar shan ƙwayar ƙarin jini mai miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da folik asid kowace rana.

Na biyu gwajin zazzabin cizon sauro. Ƙwayar cutar na taruwa a mabiyiya ta hana abinci wucewa, wani lokaci ba tare da uwa ta ji zazzabi ba. A Nijar da Najeriya ana ba masu ciki maganin rigakafi na SP daga mako na 13, aƙalla sau uku, wata ɗaya tsakani. Libiya ba ta cikin ƙasashen da cutar ta yi katutu, don haka ma'aikacin lafiya a Sabha ba lalle ya fara tunaninta ba. Matar da ta zo daga kudu cikin watannin baya ya kamata ta faɗi inda ta fito.

Na uku gwajin tunjere da na ƙanjamau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 tunjere ya jawo asarar ciki da mutuwar jarirai kusan dubu 200, alhali allurar fenisilin a kan lokaci na kare ɗan.

Na huɗu gwajin sikila, wato amosanin jini, wanda ya yawaita a ƙasar Hausa. Mai ɗauke da cutar ta fi fuskantar hawan jinin ciki da tauyewar girman ɗa, don haka awonta ya kamata ya fi na sauran mata yawa.

Na biyar gwajin sukari tsakanin mako na 24 da na 28, inda ake shan giram 75 na sukari a auna jini. Ciwon sukari yakan sa ɗa ya yi girma fiye da kima, ya haura kilo 4, abin da ke kawo doguwar naƙuda.

Ga wadda jininta ya riga ya hau, akwai awon ƙwayoyin da ke daskarar da jini, da na hanta, da na ƙoda. Su ke nuna ko cutar ta fara taɓa jikin uwa. Bayan jini kuma akwai kayan aiki uku da kowace ƙaramar asibiti ke iya mallaka: na'urar awon hawan jini, tsinken gwajin fitsari, da tef ɗin awo. Daga mako na 24, tsawon ciki daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa a santimita yakan yi kusan daidai da yawan makonni. Idan ya gaza da santimita 3, ko ya tsaya wuri ɗaya a awo biyu, sai a tura mace hoto.

Me ake yi idan an ga matsala?

Har yanzu babu maganin da ke gyara mabiyiyar da ta lalace. A 2018 aka dakatar da wani gwaji a ƙasar Holan inda ake ba masu ciki maganin sildenafil da fatan ƙara wa mabiyiya jini, bayan jarirai 11 sun mutu da matsalar huhu. Wannan darasi ne ga duk wadda aka kawo wa ƙwaya ko jiƙo da sunan tayar da ciki.

Abin da ke aiki shi ne rigakafi, sa ido, da zaɓen ranar haihuwa. A binciken ASPRE na 2017, ƙaramin asfirin mai miligiram 150 kowane dare, daga mako na 11 zuwa 14 har mako na 36, ya rage hawan jinin ciki mai zuwa kafin lokacin haihuwa da kashi 62 cikin 100 a tsakanin matan da gwaji ya nuna suna cikin haɗari. Likita ne ke rubuta shi, ba a saya a sha da ka. A wuraren da abinci ba shi da isasshen sinadarin kalsiyam, ana ba da giram 1.5 zuwa 2 a rana.

Idan ɗa ya riga ya tauye, ana maimaita hoto duk mako biyu zuwa uku, ana kuma auna gudun jini a igiyar cibiya da na'urar Doppler. Ranar da aka ga zamansa a ciki ya fi fitowarsa haɗari, sai a tayar da naƙuda ko a yi aiki. Idan cikin bai kai mako 34 ba, ana yi wa uwa allurar da ke nunar da huhun ɗa. Wani binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, wanda asibitocin Najeriya na ciki, ya tabbatar tana rage mutuwar bakwaini a asibitocin da ke da kayan kula da su. Don hana jijjiga kuma akwai allurar magniziyam salfet. Da aka shigar da ita asibitoci 10 na jihar Kano a 2008, mutuwar matan da suka zo da jijjiga ta sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa kusan kashi 2.

Ga mai ciki a Sabha da kewaye

Cibiyar Lafiya ta Sabha ce babbar asibitin da ake tura marasa lafiya daga Murzuk, Ubari, Birak da Gatrun, birnin Tarabulus kuma na da nisan fiye da kilomita 700 ta mota. A irin wannan nisa, sanin matsala mako biyu kafin ta yi tsanani na ba iyali damar neman kuɗi, mota, mai ba da jini da gadon jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau takwas, na farko kafin mako na 12, da hoton ciki aƙalla ɗaya kafin mako na 24.

Waɗanda suka fi buƙatar kulawa su ne mai cikin fari, wadda ta haura shekara 40, mai tagwaye, mai hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon ƙoda ko sikila tun kafin ciki, da wadda ta taɓa yin jijjiga, ko ta haifi ɗa babu rai ko ƙarami sosai. Irin wannan tarihi ya kamata a faɗa wa likita a zuwan farko, ko da ta bakin tafinta ne. Katin awo, wanda a Nijar ake kira karne, ya kamata a ɗauki hotonsa a waya kafin a kama hanya, tare da takardar hoton ciki na farko, domin ita ce ke tsayar da lissafin makonni. Maigida na da nasa aikin: ya ba da izinin fita asibiti tun kafin buƙata ta taso, ya kuma bar kuɗin mota a gida idan aikinsa na gona ne ko gini a wajen gari.

Akwai alamun da ba a jiran sakamakon gwaji a kansu: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ganin duhu-duhu ko walƙiya, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannuwa farat ɗaya, zubar jini, hawan jini da ya kai 160 bisa 110, da raguwar motsin ɗa. Ɗa ba ya rage motsi don haihuwa ta kusa. Matar da ta ji motsin ya ragu ko ya canza ya kamata ta je asibiti a ranar, ko da dare ne, ba sai gari ya waye ba.